Daga Jujin Balikpapan Zuwa Mahautar Mafara

A shekarar 1989, a kasuwar birnin Balikpapan da ke gabashin tsibirin Borniyo a ƙasar Indunusiya, wani mai talla ya ɗaga keji a fuskar wani masanin itatuwa ɗan ƙasar Holan mai suna Willie Smits, yana so ya saya. A cikin kejin akwai jaririyar biri mai jan gashi, duk ta rame, idanu sun faɗa. Bai saya ba, ya wuce. Amma abin ya tsaya masa a rai, da dare ya sake komawa kasuwar, sai ya tarar an jefar da ita a kan juji tana numfashi da ƙyar. Ya ɗauke ta ya kai gida, ya yi ta jinya har ta miƙe. Ya raɗa mata suna Uce, saboda irin ƙarar da numfashinta ke yi a wannan dare.

Labari ya bazu cewa ga mai karɓar irin waɗannan marayu, sai aka fara kawo masa wasu. Kuɗin madara da magani da wurin ajiya ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Cikin waɗanda suka fara kawo ɗauki, kuma dalilin da ya sa na ɗauko labarin ke nan, akwai 'yan makaranta na cikin birnin, su da malamansu, da suka riƙa tara 'yan kuɗaɗensu. Da wannan ƙaramin karo-karo aka kafa cibiya a 1991, ita ce ta girma ta zama gidauniyar BOS, wadda a yau take sahun gaba a duniya wajen ceton wannan biri, ta kuma mayar da ɗaruruwansu daji.

Sunan birin orangutan. Kalmomi biyu ne na harshen Malay, orang da hutan, ma'ana mutumin daji. Mu idan muka ce biri ya yi kama da mutum, muna nufin zargi ya fara tabbata. Su kuwa can kamannin ne ƙuru-ƙuru. Tafin hannunsa da layuka irin namu, idonsa ya tsaya a kanka ya daɗe, masana kuma sun ce kusan kashi 97 cikin ɗari na ƙwayoyin halittarsa iri ɗaya ne da na ɗan Adam. A kan itace yake wuni, a kai yake kwana. Kullum da yamma sai ya lanƙwasa rassa ya yi sabuwar shimfiɗa, idan ruwa ya sauko ya tsinko babban ganye ya kifa a ka. Babu inda ake samunsa a daji duk faɗin duniya sai tsibirai biyu, Borniyo da Sumatra.

Jinkirin haihuwa ne ya fi jefa shi cikin haɗari. Uwa takan yi shekara 7 zuwa 8 tsakanin haihuwa da haihuwa, ɗa ɗaya kowane ciki. Babu dabbar tudu mai shayarwa da ta kai ta tazara. Duk tsawon shekarun nan ɗan na biye da ita, yana koyon wane ɗan itace ake ci, a wane wata yake nuna, ta yaya ake ƙetarawa daga reshe zuwa reshe. Ba ta sakinsa muddin tana da rai, shi ya sa duk jaririn da aka gani a keji a kasuwa, to akwai gawar uwa a bayansa. Na Borniyo da suka rage sun ɗan haura 100,000, na Sumatra kimanin 14,000, sai jinsi na uku na yankin Tapanuli, wanda ba a tantance shi ba sai a 2017, ko 800 bai cika ba. Wani bincike da aka fitar a 2018 ya nuna cewa tsakanin 1999 da 2015 kaɗai Borniyo ta rasa fiye da 100,000.

Sare katako da gobarar daji da farauta duk sun yi nasu, amma abin da ya fi cinye dajin itace ne da muka sani sarai: kwakwar manja. Asalinta tamu ce, ta Afirka ta Yamma. A 1848 Turawan Holan suka dasa 'yan tsiro huɗu kacal a lambun gwaji na Bogor a tsibirin Jawa. Yau Indunusiya da Malesiya ne ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na manjan duniya, har mu masu asalin itacen muna saye daga wajensu. Tataccensa na cikin sabulu da biskit da man shafawa da taliyar nan da yara ke so. Ashe ke nan mai shago a kasuwar Talata Mafara yana da alaƙa da dajin Borniyo, ko bai taɓa jin sunansa ba.

Tara wa wannan biri kuɗi ya zama al'ada a makarantun Ingila da Ostireliya da Jamus da Amurka. Salon iri-iri ne. Wasu iyaye su gasa 'yan kayan ƙwalama yara su sayar a bakin ƙofar makaranta. Wasu a ware rana guda kowa ya zo da kayan gida maimakon yunifom, ya jefa abin da ya samu a asusu. Wasu yara su yi alkawarin tattaki, dangi da maƙwabta su biya a kan kowace kilomita. Wanda ya fi kama zuciyar yara shi ne riƙo daga nesa: aji guda ya zaɓi maraya ɗaya, ya riƙa aika kuɗi wata-wata, su kuma a riƙa aiko musu da hotonsa da labarin girmansa. Kuɗin na tafiya wurare irin su Sepilok a jihar Sabah ta Malesiya, da ke aiki tun 1964, ko Nyaru Menteng a tsakiyar Kalimantan, can a Borniyo, da aka buɗe a 1999. A can akwai abin da suke kira makarantar daji. Matan ƙauyukan yankin ake ɗauka aikin raino, su rungumi marayun, su ba su madara da dare, da safe a zuba ƙananan a baro a tura su bakin daji. A koya musu hawa, a koya musu fasa gidan gara, har macijin roba ake jefa musu don su koyi tsoro. Abin da uwa za ta koyar kyauta, sai mutane sun kwashe shekaru suna kashe kuɗi kafin su kwatanta.

Wani lokaci yaran kan wuce tara kuɗi. A 2007 wasu 'yan mata biyu 'yan shekara 11 a jihar Mishigan ta Amurka, Madison Vorva da Rhiannon Tomtishen, suka gano cewa da manja ake yin biskit ɗin da ƙungiyarsu ta 'yan sikawut mata ke sayarwa. Suka daina talla, suka shiga rubuta wasiƙu da tara sa-hannu, har ƙungiyar ta sauya ƙa'idarta kan irin man da za ta yarda da shi a 2011. A 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama su. Kafin su, a 1987, yaran wata ƙaramar firamare a karkarar Suwidin tare da malamarsu Eha Kern sun fara tara kuɗi don sayen daji a Kosta Rika. Yara daga ƙasashe fiye da 40 suka shigo ciki, dajin da aka kare da kuɗinsu ya kai kimanin hekta 23,000. A riƙe wannan adadi, zai dawo.

Sai dai masu bincike sun zauna sun yi lissafi. A 2022 suka fitar da cewa an kashe kusan dala biliyan 1 a kan orangutan cikin shekara 20, kuma abin da ya fi biyan buƙata shi ne kare dajin da yake tsaye, da sintiri, da zama da mutanen ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi. Jinyar marayu, duk da ita ce ke sa mutane hawaye su buɗe jaka, ta fi tsada kuma amfaninta bai kai nan ba. Wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye.

Mu dawo gida. A ce wani malami a Talata Mafara ya shiga aji ya ba da wannan labari, ya fassara sunan birin ya ce mutumin daji. Ajin zai yi tsit. A Zamfara ta yau, mutanen daji suna ne da ake faɗa da ƙasa-ƙasan murya, bayan an waiga. Kalmar daji kanta ta sauya a bakinmu. Da can wurin itace ne da zuma da ɗinya da kanya, wurin kiwo da farautar rani. Yanzu idan aka ce an shiga da wane daji, kuka ake yi.

Ƙananan hukumominmu uku kuwa, Talata Mafara da Bakura da Maradun, a makaranta aka dake su, cikin shekara guda. Daren 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako su ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi ta Bakura, aka tafi da ɗalibai 15 da wasu ma'aikata, aka yi kisa. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Aka rufe makarantu, aka katse layukan waya, aka tsayar da kasuwannin mako.

Saboda haka babu mai koya wa mutanen nan karo-karo. Sun iya shi fiye da kowa, sun kuma iya shi da ɗaci. Sun san yadda ake zagayawa gida-gida da littafi da biro, wannan ya kawo tiyar gero, wancan ya sayar da tunkiya, mace ta cire 'yan kunnenta, a haɗa kuɗin fansa. Ƙauyuka da dama sun san harajin da ake ɗora musu kafin su yi shuka, da wanda ake ɗorawa kafin su yi girbi. Duk wanda zai zo wa irin waɗannan iyaye da kwanon tara wa dabba kuɗi, dole ya fara jin nauyin bakinsa. Ni ma na ji shi kafin in rubuta wannan.

Amma na rubuta, don akwai abin da muke rasawa a gaban idonmu, kuma ba sai an shiga dajin Sububu ko na Kuyambana kafin a gan shi ba. A tsakiyar gari yake zaune, ko in ce yake zaune a da.

Ina yaro, idan aka aike ni mahauta ranar Talata, kafin in ga nama ungulu nake fara gani. Sun yi layi a kan kwanon rumfuna, kana jin ƙarar faratansu a bisa kanka. Wasu na ƙasa suna taku tsakanin ƙafafun mutane kamar kajin gida, da wuyan nan nasu a sunkuye. Da yaran mahauta sun juye tumbi a bayan rumfa, sai ka ga sun taru wuri ɗaya, fatar fuskarsu ta rine ta yi ja saboda ɗoki, kafin ka ƙirga kuɗin canji wurin ya zama fes. Mukan jefe su da tsakuwa, su ɗan matsa taku biyu su dawo, wani dattijo ya daka mana tsawa. Da almuru kuwa kukar bayan gari baƙi-ƙirin take da su. Ba mu taɓa tunanin abu ne mai ƙarewa ba. Wa zai ƙirga ungulu?

To akwai wanda ya ƙirga. A farkon shekarun 1970 wani Bature malamin makaranta a Sakkwato, Peter Mundy, shi da abokinsa Allan Cook, sun bi sheƙunan ungulu na kewayen birnin suna rubuta lokacin da take ƙwai da lokacin da take ƙyanƙyasa. Mundy ya zama ɗaya daga cikin manyan masana ungulu na Afirka, kuma a ƙasarmu ya fara, saboda a lokacin tsuntsuwar ta yi yawan da ba sai an neme ta ba. Yau ka tambayi ɗan firamare a Bakura ko Maradun yaushe rabonsa da ganin angulu, kamar yadda muke faɗa a nan. Da yawa a karin magana kawai suka san ta. Suna jin ana cewa ungulu ba ta jewar banza, ko a ce ta koma gidanta na tsamiya, alhali tsamiyar an sare, mai gidan ma babu.

A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sanya ungulun gari a mataki na ƙarshe kafin ɓacewa daga daji, matakin da orangutan na Sumatra yake. Masana sun ƙiyasta ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a tsawon zuriya uku. Maiki ma, babban yayanta, yana wannan mataki; shi ne fa tsuntsun da ya yi karo da jirgin sama a sararin samaniyar Abijan a 1973 a tsayin mita 11,300, tsayin da ba a taɓa tabbatar da wani tsuntsu ya kai ba. Kuma abin da ke damun birin Borniyo shi ke damun ungulu: ƙwai ɗaya take yi a shekara, a kan dogon itace, ta yi kusan kwana 50 tana kwanci. Idan aka kashe manya goma, sai an yi shekaru kafin a mayar da gurbinsu, in ma an bar itacen da za su yi sheƙa.

Masu kashe ta sanannu ne. Akwai masu sa guba a mushe don kare ko kura, ungulu ta sauka ta ci ta mutu da yawa. Akwai masu farautarta da gangan, saboda kanta da ƙwanta da gashinta sun shiga kasuwar tsibbu, ana sayar wa masu neman sa'a ko nasara ko maganin taɓin hankali, kuma Najeriya na cikin manyan kasuwannin wannan ciniki a Afirka ta Yamma. A 2020 an tsinci ungulu fiye da 2,000 matattu a Gini Bisau, an ba su guba, da yawa an yanke kawunan. Gidauniyar NCF mai kare muhalli a Najeriya ta yi shekaru tana zama da masu maganin gargajiya don su koma ga saiwa da ganye. Sai kuma gatari, wanda ba ya tambayar wa ke kwana a kan kuka ko maɗaci kafin ya mayar da reshe itacen girki ko gawayi.

Wani zai ce, to in ta ƙare sai me, ai ƙazamar tsuntsuwa ce. Indiya ta amsa wannan tambaya da rayukan mutanenta. A shekarun 1990 makiyayan can suka fara ba shanu wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen. Cikin shekara goma fiye da kashi 95 cikin ɗari suka mutu. Mushe ya riƙa ruɓewa a bakin ruwa, karnukan juji suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. An hana ba dabbobi maganin a 2006, amma wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Mu Zamfarawa ma ba sai mun je Indiya ba. A farkon 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, agwagi ne suka fara mutuwa. Mutane sun lura sun ragu, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Bayan 'yan watanni yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa, har ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da masu bincike suka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Anka maƙwabciyar Mafara ce. Na sha tunanin cewa da akwai aji ɗaya a Bagega ko Dareta da aka saba wa ƙirga tsuntsayen unguwa duk mako, da malami ɗaya da ya san inda zai kai rahoto, wataƙila da an farga da wuri. Allah ne masani. Amma dabba ce ta fara ba da labari, mu ne ba mu saurara ba.

Batun darajar itace kuma, wannan yanki ya riga ya biya farashinsa. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Tafkin ya shanye gonaki da gidaje, aka tayar da mutane kimanin 13,000. A ƙasan madatsar kuma manyan motoci suka baje filin noman rani na kimanin hekta 23,000, daidai da faɗin dajin da yaran Suwidin suka fara saye da kuɗin asusu. Aka tumɓuke itatuwan da kakanni suka bari a gonaki, manoma suka yi damina biyu zuwa uku ba su yi shuka ba. Cikin abin da suka tsaya kai da fata suna neman diyyarsa har da itatuwansu masu amfani. Suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, wasu suka ƙirga ɗaruruwa. Jikokin waɗannan manoma ne ke zaune a azuzuwan Maradun da Bakura da Mafara a yau. Wanda kakansa ya tsaya gaban bindiga a kan gonarsa da ɗorawarsa ba ya buƙatar baƙo ya gaya masa itace dukiya ne. Abin da Bakolori ta bari a zukata shi ne rashin yarda da duk wani shiri da aka tsara a wani wuri aka sauke a kan mutane, kuma duk mai son kare tsuntsu ko itace a nan sai ya san da haka.

Tsallaken iyaka, 'yan'uwanmu na jihar Maraɗi sun nuna abin da ke yiwuwa idan abin ya zama na mutane. Daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara barin reshe biyu ko uku mafi ƙarfi ana datse sauran. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani, maƙwabci ya gani wurin maƙwabci, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaron itace da kansu. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da sauransu, kusan duk ba tare da an dasa ba. A Nijar ɗin dai, raƙuman dawa na yankin Kure sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka sa mutanen ƙauyuka cikin tsaronsu da cin moriyarsu suka haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka mayar gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya ba. Talaucinsu bai gaza namu ba, su ma rashin tsaro bai ƙyale su ba.

To wace irin gidauniya ce za ta dace da makarantun Mafara da Bakura da Maradun? A ganina, wadda ba za a tambayi yaro ko sisi ba. Abin da yaran Balikpapan suka yi da ya sa nasu ya ɗore shi ne sun fara da dabbar da aka jefar a jujin kasuwarsu. Namu yaran abin da suke da shi ido ne da hannu da hanyar da suke bi kullum daga gida zuwa makaranta. Littafi ɗaya mai layi ya isa aji guda: ranar kaza, a mahauta, ungulu nawa, a kan kukar maƙabarta, sheƙa ko babu, a bakin tafkin Bakolori, ga waɗanda ke zaune kusa, wane tsuntsu ya sauka da sanyi. Ba mai fita bayan gari, ba mai nufar daji. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara irin waɗannan bayanai daga 'yan sa-kai a duk faɗin Najeriya tun 2015, ta wayar hannu ake aikawa, kuma malami ɗaya mai waya ya wadatar wa makaranta.

Sai rainon itace. Ledar fiyawata da ke toshe mana magudanan ruwa ita ce tukunyar reno, ƙasa da taki kyauta ne, irin tsamiya da kuka da ɗorawa da maɗaci yara ne ke zubar da shi bayan sun tsotse. Inda kuɗi ke shigowa shi ne ruwan bayi da rani, da waya ko ƙaya ta kare tsiro daga akuya, da ɗan abin da za a ba mai gadi. Duk wanda ya taɓa halartar bikin dashen itace ya san inda ake faɗuwa: a dasa dubu a watan Yuli gaban kyamara, zuwa Maris ko goma babu. Gara makaranta ta dasa ashirin, kowane da sunan ajin da ke ba shi ruwa, ta kuma ɗauki riƙon tsofaffin itatuwan da ke tsaye a unguwa, kamar yadda ajin Turai ke riƙon maraya a Borniyo. A je da dagaci da liman wurin mai gonar da kukar take, a roƙe shi, in ta kama a biya shi kuɗin da mai gawayi zai ba shi. Wannan shi ne kare abin da yake tsaye, wanda lissafin masana ya ce ya fi arha ya kuma fi amfani.

Kuɗin kuwa daga manya zai fito, kuma daga waɗanda suka fi sauƙi. Kowace tsohuwar sakandare a yankin nan tana da tsofaffin ɗalibai a Gusau da Kaduna da Kano da Abuja, suna da zaure a WhatsApp, suna haɗa gudummawar biki da ta rasuwa cikin kwana biyu. Garuruwan nan uku kowane ya fitar da gwamnan jiha: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Yankin da ya yi haka bai rasa masu hali ba. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha a Mafara, akwai kwalejin gona a Bakura, ɗalibansu na neman abin da za su yi nazari a kai don kammala karatu. Sarkin fawa ya fi kowa sanin ranar da ungulu ta daina zuwa, kuma maganarsa ce yaran mahauta za su ji idan wani ya zo neman kai ko ƙwai. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa dasa itace sadaka ce, tausaya wa dabba kuma ibada. Huɗuba ɗaya a kan ungulu za ta isa inda takarda dubu ba za ta je ba.

Sharaɗi ɗaya nake ganin ba a sassauta shi: duk abin da ya shigo a rubuta shi da alli a bangon makaranta, duk abin da ya fita a rubuta a gefensa, kowa ya gani, har mai tallan ƙosai. Mutanen da aka sha karɓar kuɗinsu da sunan taimako ba za su sake miƙa hannu a cikin duhu ba, kuma suna da gaskiya. Kada kuma a mayar da shi tilas, kada a kori yaro daga aji a kansa.

Uce, jaririyar jujin Balikpapan, an sake ta a dajin Sungai Wain bayan 'yan shekaru, daga baya aka gan ta da ɗanta a jiki. Ungulu kuwa bayan ɗaukewar ruwa take fara ɗaukar kara tana gyara sheƙa, ta yi ƙwanta ɗaya da sanyin hunturu. Idan akwai sheƙar da ta rage a kan wata kuka ko giginya tsakanin Bakura da Maradun, wajen Disamba zuwa Janairu ne za a hango kan uwar ya ɗan leƙo daga cikin kara, da safe, daidai lokacin da yara ke wucewa makaranta.